Katin Mai Fanka Uku

Ranar da Muttaka ya fara ganin Hidaya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Tagwai, ita kuma tana dukan kwamfuta da tafin hannu. Shagon hoton babanta ne, Malam Ishaku, a Dutsen Kura. Ita ke haɗa bidiyon biki.

"Me ta yi miki?" in ji shi.

"Amarya ta daskare da baki buɗe tun ɗazu. Kai ne mai gyaran?"

Shi ne. Ya duba ya ce katin da ke sarrafa hoto a cikin injin ne ya gaza, sai an sa wani. Kafin ya gama bayani ruwa ya sauko, ya tsare shi har la'asar. Bai yi ƙorafi ba.

Malam Ishaku bai son masu gyara. A wurinsa duk wanda ke buɗe cikin kayan mutane ɓarawo ne, ya cire mai kyau ya sa ruɓaɓɓe. Kwamfutar a haɗe ya saye ta, ba a taɓa kwance mata ƙusa ɗaya ba. Cikin tsohon faifan ajiyarta akwai hotunan marigayiya Barira, uwar Hidaya, da muryarta, kuma babu su a ko'ina sai nan. Da zanenta ma yake rufe injin.

Muttaka, wanda tun ranar ruwan nan suka fara soyayya da Hidaya, ya kawo kati ƙarami, bai fi tafin hannu ba. Mujahid, ɗan yayar Malam Ishaku, wanda shi ma yake son yarinyar, ya kawo ƙato mai fanka uku. Aka ɗora su a tire aka zaga wa dangi, yadda ake nuna toshi. Mata suka ɗaga na Mujahid suka ji nauyi. Na Muttaka kuwa, wata goggo ta tambaya ko biskit ne.

Muttaka ya tura wa Hidaya saƙo: "Hasken idona, kada a sa babban nan. Akwatin wutar injinku ƙarami ne, ba zai ɗauka ba. Wayar da Mujahid ya haɗo da ita, daga igiyar faifan Mama za ta ja wuta."

Ta amsa: "Injiniyana, kishi ne ko gaskiya? An yi mini dariya yau saboda kai."

Ya karanta. Ya ji zafi.

Malam Ishaku ya kira shi. "Tunda kai ne gwani, kai za ka sa na Mujahid. A gabana."

"Baba, zai ƙone."

"Mai rowa dama bai rasa wa'azi. Sa."

Ranar wutar unguwa ba ta da kirki. Ƙwan shago na ja kamar garwashi, taransifoma na gurnani a bakin titi, sama ta sake rufewa. Muttaka ya naɗe zanen Barira ya ajiye, ya kwance murfi. Katin ya shiga da ƙyar. Wani ya leƙo karɓar hoto, Malam Ishaku ya juya. Nan take Muttaka ya zare tsohon faifan ya cusa wa Hidaya ƙarƙashin hijabi.

"Riƙe Mama," ya raɗa mata.

Mujahid ya leƙa ciki ya ga gurbi. "Kawu, ka ga? An ɗauke wani abu."

Malam Ishaku bai ɗaga murya ba. "Na faɗa. Juye aljihunka."

Muttaka ya juye. Sukudireba ce da goro. Hidaya ta buɗe baki, ya girgiza mata kai, don ya san in ta fito da shi yanzu za a mayar ciki.

"Fita. Kada in sake ganin ƙafarka a layin nan."

Ya fita cikin yayyafi. Mujahid ya danna maɓalli. Fankoki uku suka tashi da iska, sai ya yi murmushi. Sannan wani wari ya taso, irin na takalmin roba a murhu. Tas. Hayaƙi ya fito ta baya, igiyar ta narke tana ɗiga.

Malam Ishaku ya zauna a ƙasa, mutum mai furfura. "Barira," ya ce. "Na sake binne ki."

Hidaya ta durƙusa ta ɗaga hijabi. Faifan ya ɗauki ɗumin jikinta.

"Ga ta, Baba. Ɓarawon ne ya ba ni ajiya."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ko hula bai ɗauka ba, ya bi ruwa har Tudun Fulani da ƙafa. Ya sami Muttaka a ƙofar shagonsa.

"Kai. Biskit ɗin nan naka yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kawo shi. Ka kuma turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. An sa sabon akwatin wuta da ƙaramin katin, amarya da kanta ta haɗa bidiyon bikinta, bai daskare ba. A farkonsa ta sa muryar Barira daga wani tsohon ɗauka, tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Malam Ishaku ya ce amin, ya miƙa wa surukinsa zanen ya rufe injin.