Jan Fentin Motar Maigandi

"Baba, ka bar gugam motag ga hakanan! Sakinatu ba ta ci komi ba tun jiya."

"Hauwa'u, ke ka koya man aiki? Miƙo tsumma."

Ba ta miƙa ba. Ubanta Maigandi direban En'e ne, gidansa na Ƙofar Taramniya. Motar kuwa tsohuwa ce da wani Bature ya yar gindin tsamiya, ta yi shekara da shekaru ba mai taɓa ta, har Maigandi ya roƙa aka ba shi. Jan fentinta ya koɗe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Kullum la'asar sai ya tankaɗe toka, ya kwaɓa da kananzir, ya yi ta murzawa. Tsumma ya fito ja, wurin ya ɗau ƙyalli. Shi dai ƙyallin yake gani.

Tun da ya fara, magariba ta lalace a gidan. Da an kira salla sai kaji su yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida. Sai wata. A leƙa waje, ba kowa. Daga nan Sakinatu, ƙanwar Hauwa'u, ta shiga susar hannuwanta har suka ɗaye, tana kuka da muryar da ba tata ba.

Uwarsu, Inna Mariyatu, ta aika Hubbare aka kira Malam Jibrin. Ya iso rana na faɗuwa. Ya zauna kusa da yarinyar, ya daɗe yana karatu.

"Wa ka magana?" in ji Malam.

Bakin Sakinatu ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito. "Ni da ɗiyana cikin motag ga muke. An jawo mu nan, mun yi kurum. Amma wanga mutum kullum shina kankare muna bango, ƙyalli na kashe muna ido. Shi goge, in goge ɗiyatai."

"Ki koma tsamiyarki."

"Da jinjiri? Sai wata ya tsaya. Kahin nan, kada hannu shi taɓa ta."

Malam ya dubi Maigandi. Maigandi ya dubi ƙasa, ya ce ya yarda. Sakinatu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce a ba ta fura.

Washegari da la'asar Hauwa'u ta fito zaure, sai ta hango Maigandi tsugune jikin motar, ƙwaryar toka a gefe.

"Baba! Wata bai tsaya ba!"

"Ɗan wurin ga na kawai. Rabin ƙohwa na ƙyalli, rabi kamar kirci. Haka za a bar ta mutane na gani?"

"Gaban Malam hwa ka yarda!"

"Ke, ɗan wanga har aljana ta sani?"

Hauwa'u ta koma ciki a guje, ta jawo Sakinatu da zanenta a hannu, ko takalmi ba su sa ba.

"Inna, mun tahi gidan Kaka. In an yi jihwa, shi tare da motatai!"

Ta bugo ƙyauren zaure har ƙasa ta zubo daga bango, ta fice.