Tsamiyar Bakin Rafi da Tsohon Awo

Ana idar da sallar magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon gidan Ladan, a wani ƙauyen Bebeji da ke ƙasan madatsar Tiga. Jiƙaƙƙu ne, masu santsi, irin na cikin rafi. Kullum haka, har mutanen gidan suka gaji da firgita, sai dai a ja yara ɗaki a yi shiru.

Ladan shi ke kula da manhajar kwamfuta da ke hasashen inda ambaliya za ta tsaya. Shekara da shekaru bai sabunta ta ba. Awon rafi aiki ne mai cin rai, shi kuwa bawan Allah, gaskiya ya gaji.

Sai abin ya koma kan 'yarsa Bushira. Ta daina ci, ta daina magana, ƙafafunta kullum a jiƙe. Aka kira Malam Mudi. Ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe, sannan bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Malam, ya isa haka. Ni ma a gajiye nake."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tare da kakanninta na taso da ruwan madatsa ya ci garinmu, na tare a tsamiyar bakin rafi. Bara ubanta ya tsaya a gindin tsamiyar, ya ce na'ura ta nuna ruwa ba zai iso nan ba. Na yarda da shi. Ruwan ya tafi mini da ɗa."

Ladan ya sunkuyar da kai.

"Yashi ya cike rafin nan tuni," in ji muryar, "na'urarsa kuwa tsohon rafi take aunawa. Ya sake awo, ya faɗa mini inda zan kai sauran 'ya'yana. Sannan in sake ta."

Ladan ya shiga rafi da sandar awo, ya bi shi gaɓa-gaɓa, ya zuba wa manhajar sabbin alƙaluma. Wata magariba ya ajiye kwamfutar a gaban yarinyar. A taswirar da manhajar ta fitar, ruwan bana ya shafe tsamiya, ya haura, ya shafe gidan da su Ladan suke zaune a ciki.

"To, madalla," in ji muryar. "Ni na yi tudu."

Bushira ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce yunwa take ji.

Ba wanda ya yi guɗa. Kulsumu, mahaifiyar Ladan, wadda ruwa ya taɓa raba ta da gida tana amarya, ta miƙe da ƙyar, ta fara naɗe tabarma.