Allon Mai Ƙusa

Shagon da ke da kalmar Turanci ɗaya tak a allonsa ba zai taɓa ci gaba ba. Wannan ra'ayin Mai Ƙusa ne, mai sayar da kayan gini, kuma ba a taɓa musa masa ba, domin yawanci da rodi a hannu yake faɗa.

General ce a allonsa. Da Mai Siminti na tsallaken titi ya sa aka rubuta masa Universal, sai Mai Ƙusa ya aika a kira mai rubutun allo, wani saurayi da ake ce wa Shuɗi. Autar Mai Ƙusa ce ta riƙe masa tsani, don yayyenta maza sun ce sun fi ƙarfin wannan aiki.

"Me za a ƙara?" ya tambaya daga sama.

"Baba ya ce wadda ta fi ta wancan faɗi."

"General kusan komai ke nan. Universal kowa da ko'ina. Comprehensive kuwa ba ta bar ko tsinke a baya ba."

"To, sa wadda ta fi daɗewa wajen rubutu."

Ya leƙo ƙasa, ta ɗaga kai, fenti ya ɗiga mata a mayafi. Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Zinariya, na ɓata miki mayafi. Ki yanka min tara."

Ta mayar: "Shuɗina, tararka ka dawo. Zan ga yadda Baba zai ƙara kalma."

Ba ta sha wuya ba. Mai Siminti ya ƙara Global, Mai Ƙusa ya rama da All-Round, kuma Shuɗi ne ke rubuta wa duka biyun, don shi kaɗai ne mai burushi a layin. Sai dai allo ba ya miƙewa. Duk kalmar da Mai Ƙusa ya ƙara, haruffansa sai sun ƙanƙance.

Ɗan Mai Siminti, wanda shi ma yake son Auta, shi ya tsallaka ya nuna wa tsohon hakan cikin ladabi. Mai Ƙusa ya ɗauki tef ya auna allunan biyu da kansa. Da kawun Shuɗi ya zo neman izinin aure, a tsaye aka sallame shi.

"Ba na ba da 'yata ga wanda ke rage min tsawo a idon jama'a."

Ranar da abin ya faru, Auta ta hango Shuɗi a kan tsanin tsallake, ta kuma ga yayyenta suna zaɓen rodi. Ta rubuta: "Ka sauko yanzu."

Shi ya ɗauka kishi ne. "Aikina ne, Zinariya. Saura kaɗan."

Babban yaya ya hauri tsanin da ƙafa. Shuɗi ya faɗo kan tarin bulo, gwangwanin fenti ya biyo shi. Ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, rodi ya sauka a kai, ya sake sauka. Yaran Mai Siminti suka fito da shebur, ba don Shuɗi ba, don allon da aka bari rabi. Bulo ya riƙa tashi sama. Ɗan Mai Siminti ya tsaya raba faɗa, ya karɓi shebur a baki, ya tsince haƙoransa a ƙasa, kuma daga ranar bai sake maganar aure ba.

Auta ta ratsa ta kwanta a kan Shuɗi. Dukan da ya biyo baya a kafaɗarta ya sauka.

"Yaya, in za ka ƙarasa shi, ka haɗa da ni."

A barandar asibiti, uwar Auta ta yi wa mijinta magana a hankali.

"Malam, ko ka ba shi ita, ko ka je ka yi wa alƙali bayanin girman harafi."

Nan take Mai Ƙusa ya gano cewa yaron ɗan mutunci ne tun asali.

Aka ɗaura aure. Aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, babban yaya ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Mai Ƙusa ya sanar wa taro cewa daga yau surukinsa ba zai sake yi wa kowa rubutu ba sai shi.

"Kin yi nadama, Zinariya?" Shuɗi ya tambaya da aka watse.

"Na yi nadamar ban ce ka diro ba."

Ƙashi ya haɗe, amma yatsun ba su sake riƙe burushi ba. Ba wanda aka gaya wa. Yanzu a gida ake karɓar allo, a rufe ƙofa, Shuɗi ya dama fenti da hagu yana nuna wa Auta inda layi zai bi.

Da aka kai wa Mai Ƙusa allon farko, ya ce ai karayar ma gyara hannun yaron ta yi. Ya sayo allo mafi faɗi, ya aiko da sabuwar kalma: All-Encompassing. Auta ta dubi tsawonta, ta murza kafaɗarta, ta tsoma burushi.