Turmin Samiha

Da hantsi Inna Aminatu ta shigo ɗakin ɗanta Latifu, ta tarar da shi durƙushe yana bai wa matarsa Samiha kunu da cokali, rabi na zubowa ta gefen bakinta da ya karkace. Jim kaɗan bayan ta haihu hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

"Na aika garinsu Garou," in ji Inna tana gyara goyon jaririn. "Da an gama cirar albasa yayanta zai zo da mota ya ɗauke ta. Mace in ta kwanta, gidansu ke jinyarta. Kai ka koma rumfarka."

"Inna, uwarta ta tsufa, wa zai ɗaga ta can? Likita ya ce cikin masu wannan ciwon da yake gani, mata sun fi kwanciya har mutuwa, don ba su samun mai motsa musu jiki."

"Likitan ne ya haife ka?"

Samiha ta ja harshenta da ƙyar, hawaye na bin kuncinta. "Bar ni... in tafi."

Latifu ya share mata hawaye. Likita ya faɗa masa a riƙa tuna wa hannun aikin da ya saba. Sai ya jawo turmi tsakar gida, ya zuba gero, ya zaunar da ita a kujera. Ya ɗora mataccen hannunta a kan taɓarya, ya rufe shi da nasa, suka ɗaga tare. Haka kowace safiya.

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. A kasuwar Malanville abokinsa Rachidi ya riƙa yi masa tsiya: "Madam Latifu, an gama dakan? Ko a sayo miki zane?" Inna kuwa ta daina zuwa suna da biki, ta ce ɗanta ya kwance mata zane a gari. Shi kansa wani lokacin yakan ɓuya bayan buhunan albasa ya share ido, domin yatsun Samiha ko motsi ba su yi.

Ran da motar ta iso, Inna ta riga ta ɗaure kayan surukarta. Latifu ya tsaya a ƙofa ya tare hanya.

"Inna, ki gafarce ni, ba za ta tafi ba."

"Ni kake tarewa? Ni?"

Sai ga mahaifinsa, Malam Alasan, ya fito yana dogara sanda yana jan ƙafa, domin shi ma ciwon nan ya taɓa kayar da shi.

"Aminatu, da na faɗi, wa ya tashe ni?"

"Ni ce, Malam."

"Ƙanwata Mairo fa, da ciwon ya kama ta bayan na tashi?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Mijinta ya maido ta gidanmu na Madécali, muka shimfiɗe ta a ɗakin baya. Ba ta ga damina ba. Ciwonmu ɗaya da ita. Ni aka riƙe ni, ita aka aika da ita!" Ya nuna ƙunshin da sandarsa. "Kwance kayan nan."

Motar ta koma babu kowa.

Samiha ba ta warke sarai ba. Ƙafar na ja, magana na sarƙewa. Amma wata safiya cikin damina, Latifu ya dawo daga kasuwa ɗaukar wani abu da ya manta, ya ji daka a gidansu, a hankali, yana yi yana tsayawa. Ya leƙa. Samiha ce ita kaɗai da taɓarya, Inna na riƙe mata turmi.

"Mi kake kallo?" Inna ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Aikin mata ne, wuce!"

Samiha ta yi dariya da rabin baki, shi kuwa ya jingina da bango ya fashe da kuka.

Ciwo ba ya tambayar mace ce ko namiji kafin ya kayar da mutum. Mu ne muke tambaya kafin mu miƙa hannu. Wanda ya yi haƙurin riƙe matarsa ran da ta faɗi, Allah ba ya barin haƙurinsa ya tafi a banza.