Wanda Ya Sauko Daga Keke

Ni'ima na tsintar shinkafa a tsakar gida sai ƙararrawar keken Sabitu ta kaɗa a waje. Mahaifiyarta, Hajiya Zubaida, ta ja tsaki. Ta ce duk faɗin Gwallaga babu yarinyar da ake zuwa zance wurinta a keke sai tata, kuma in dai tana numfashi, ba za a kai 'yarta gidan da ko mashin babu ba.

"Mama, malamin makaranta ne fa. Daga Tirwun zuwa nan keke ya ishe shi, ba ruwansa da layin mai."

"To, ya auri keken!"

Ni'ima ta shige ɗaki ta sha kukanta, don tana son sa ƙwarai. Mahaifinta, Alhaji Abdulbaƙi, shi ma da tasa damuwar. Likita ya ce ciwon suga ba ya son zama, lallai ya riƙa zuwa kasuwa a ƙafa. To amma a garin nan, mai mota ya fito a ƙasa, kafin la'asar an ce ya karye. Ranar da ya gwada, masu motoci sai hon da ɗaga hannu. Kunya ta kusa mayar da shi gida.

Sai ga Sabitu zai wuce makaranta. Yaro mai tarbiyya ba ya wuce babba a kan keke, don haka ya sauka, ya rusuna ya gaishe shi, ya tura keken a gefensa har ƙofar shago. Daga ranar kullum sai ya raka shi, har ya koma fitowa da wuri don kada ya makara. Mai kallo sai ya ga dattijo da ɗansa suna hira, surutu ya mutu. Sabitu bai taɓa ambaton Ni'ima ba. Ita kuwa ta yi ta haɗiye gorin Mama har damina ta wuce.

Rannan Hajiya ta kawo maganar ɗan ƙawarta mai farar mota.

"Na san motar, kullum sai ta yi mini hon," in ji Alhaji. "Zubaida, kowa daga zaune yake gaishe ni. Mutum ɗaya ne ya sauko, shi na bai wa."

Dole Hajiya ta haƙura. Bayan babbar sallah aka ɗaura aure. Dama hali ake aure, ba abin hawa ba, kuma mai haƙuri ba ya taɓewa. Har yau Alhaji da surukinsa tare suke fita da safe, keken yana tsakaninsu.