Waya Mai Ƙasa Biyu

"Ba zan karɓa ba, Sufyan! Na ce ba zan karɓa ba, mai da abarka cikin kwali."

"Zuhura, don Allah ki dube ni... waya ce fa, ba maciji ba."

Ni kuwa ina bayan zana ina tsintar waken da ba shi da tsakuwa ko ɗaya. Mutanen garinmu na cewa wai Sailuba ta cika sa ido. Ƙarya suke mini. Kunne nake sawa, idon ya daɗe da yin rauni.

Zuhura jikata ce, ɗiyar ɗiyata Mairama. Mairama ba ita ce ta fari ba, don haka ina iya kama sunanta ba mai hana ni. Ƙauyenmu na can ƙarshen ƙasar Bagudo, in ka tsallake rafi ka shiga Dahome, wadda yaran yanzu ke cewa Benin. Sufyan daga can yake, tela ne a Segbana, duk ranar kasuwa yana zuwa bisa babur. Shekara uku yana zance. An kai gaisuwa, an sa rana sau biyu ana ɗagawa. Kullum sai a ce, "Sai bayan kaka." Har na fara zaton mutuwata ake jira.

Ba ni ake jira ba. Damina biyu ke nan da Mairama ta faɗi bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mijinta ya riga mu gidan gaskiya. Ɗanta Nasrullahi direba ne can kudu, sai dai waya. Zuhura ce mai ɗaga ta, mai juya ta, mai yi mata wanka. Shi ma Sufyan ba ya iya barin Segbana, babansa makaho ne, kuma shi kaɗai ne namiji a gidan.

Wayar Zuhura 'yar ƙarama ce, tafin hannu na rufe ta. In za ta ɗaga uwarta sai ta soke ta a ɗankwali. Layi biyu ke ciki: na Nijeriya, wanda Nasrullahi da matar asibitin Bagudo ke kira, da na Dahome, na mutum ɗaya tak. Aibinta guda, ba ta kai la'asar. Ana tsakiyar "rabin raina" sai ɗif!

"Jiya sau tara na kira ki," in ji Sufyan. "Sau tara, Zuhura! Har na ɗora almakashi bisa yadin mutane ban sani ba. Wagga babbar kwana biyu take yi ba caji. In kin tare, sai a bar wa Kaka ƙaramar, ki riƙa kiran Inna kina ganin fuskarta safe da yamma..."

"Ka ji ko? Na san can za ka. Ba waya ka kawo mini ba, hanya ka kawo mini."

"To laifi ne in so matata kusa da ni?"

"Waya na juya mara lafiya, Sufyan? Waya na ba da koko a baki?"

Na ga in na bar su haka yaron zai hau babur da kuka, sai na yi gyaran murya na fito da faifaina.

"Angona, ka zo ba ka gaishe da uwargida ba, ka tsaya wurin wannan mai bakin tsiya?"

"Kaka, ina wuni. Ki taya ni roƙonta."

"Ni ban ga abin faɗa ba. Kai ka ce taka ta fi, ita ta ce tata lafiya lau. To a gwada su mana! Ko kaji sai an ɗaga ake sanin mai nauyi."

Zuhura ta harare ni. "Kaka, ke dai ba ki rasa abin cewa."

Amma ta yarda.

Ranar kasuwa ta zagayo, aka kai su wurin Badamasi mai gyaran waya, ya cika su fal da solarsa. Sufyan ya zuba nasa layuka biyu cikin babbar, don duk ɗan bakin iyaka biyu yake riƙewa. Aka jera su bisa faifai a ɗakina. Ni ce alƙali, tunda na yi yaƙi da jahilci wata bakwai, lamba ba ta ɓace mini.

Da hantsi na leƙa: ƙarama tamanin da ɗaya, babba casa'in da biyu.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk sanda suka ba da baya, sai in dangwale ƙaramar ta kawo haske. Har tocinta na kunna na kife ta da ƙwarya. Allah Ya yafe mini. So nake ta faɗi. So nake in ga yarinyar nan da lalle kafin a rufe ni da ƙasa.

Azahar, ƙarama talatin da takwas, babba saba'in da huɗu. Kafin la'asar ƙaramar ta yi ja, bakwai. Babbar na hamsin da biyar.

Na zaci Sufyan zai yi murna. Sai na ga ya ɗaure fuska yana juya tasa.

"Wanda ya sayar mini ya rantse kwana biyu take yi. Ko taɓa ta ba a yi ba, rabi ya tahi. Mi ke shan ta?"

"Kawo in kai wa Badamasi duka biyun," na ce, don dama ina da labarin da zan ɗauko a kasuwa.

Badamasi ya duba wannan, ya duba waccan, ya yi dariya.

"Kaka, wa ya kunna toci da rana tsaka?"

"Aljanu. Kai dai faɗi abin da na tambaye ka."

"Batirin ƙaramar ya ɗan tsufa, gaskiya ne, amma ba shi ne ciwon ba. Garin nan sabis ɗin Nijeriya da ƙyar yake isowa, na Dahome ma da ƙyar. Ita kuma wayar an ce ta riƙe duka biyu. Wuni take tana lalube, ta nemi ƙarfen sabis na nan, ta nemi na can, ko tana aljihu ba ta hutawa. Babbar ma wahalar da take sha ke nan, randarta ce kawai ta fi girma."

"To maganin fa?"

"A cire layi guda. Ta zaɓi ƙasa ɗaya, ki ga yadda za ta daɗe."

Wayyo bakina! Da na yi tafiyar nan a hankali, da na tauna maganar kafin in iso. Ina! Labari mai zafi a bakin Sailuba? Tun daga zaure na fara:

"Ku zo ku ji! Ashe ba batir ba ne! Badamasi ya ce duk mai riƙe ƙasa biyu ba ya kai la'asar, ƙarami ne ko babba. Sai an cire guda!"

Sai da na shigo na gan su. An fito da Mairama shan iska ƙarƙashin rumfa, Zuhura na matsa mata ƙafa. Sufyan na tsugune can nesa bakin zana, kansa ƙasa, yadda suruki ke yi.

Ba wanda ya yi dariya.

Zuhura ta ce a hankali, "Shi ya sa ranar da na je Bagudo karɓo magani ta wuni ba ta mutu ba... na kashe layin can."

Sai muka ji wata murya da muka kwana biyu ba mu ji ta haɗa magana ba.

"Zu... hura."

"Na'am, Inna."

Mairama ta ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ta nuna ƙaramar wayar da ke hannuna. Bakinta na rawa, miyau na bin gefe.

"Cire... nawa." Layin Nijeriya take nufi.

"Inna!"

"Cire... ki tahi."

Zuhura ta kife fuska bisa ƙafar uwarta ta fashe da kuka. "Wallahi ba zan cire ba! Inna, ki daina, don Allah ki daina..."

Sufyan ya matso da gwiwa taki biyu, bai ɗago kai ba. "Inna, ki yi mini arziki. Akwai ɗaki a gidanmu, na share shi tun bara. Mu tahi da ke. Uwa ce ke gare ni, ni zan..."

Mairama ta ja mayafi da hannun nan guda ta rufe fuskarta ruf. Na san ɗiyata. Ta gwammace kabari da a ce ana canza mata shimfiɗa a gidan suruki, yana jin motsinta ta bango.

Zuciyata ta tafasa. Na ajiye wayoyin na ɗaure zane.

"Kai, ku tsaya! Ni na mutu ne? Ni na haife ta, na goya ta shekara biyu, har garin Kende na je da ita a baya a ƙasa. Zuhura, matsa! Ki tahi gidan mijinki, ni zan riƙe abata."

"Kaka, bari..."

"Matsa na ce!"

Na durƙusa, na zura hannu ƙarƙashin kafaɗar Mairama, na ce bismillah, na ɗaga.

Ko motsi ba ta yi ba.

Na sake. Ƙuguna ya ce ƙas, gwiwata ta saki, na zube bisa ƙirjinta. Muna nan kwance, tsohuwa bisa ɗiyarta, ina jin hawayenta na jiƙa mayafin. Hannunta mai lafiya ya zo yana shafa bayana, wai ita ce ke lallashina.

Zuhura ce ta ɗaga ni. Ta gyara wa uwarta matashi da hannu ɗaya, kamar ba komai. Sannan ta share ido, ta ɗauki ƙaramar wayar, ta ciro ɗan kunnenta ta soka a gefe. Layukan suka fito, 'yan mitsi-mitsi kamar farce.

"Zuhura..." in ji Sufyan. "Hasken idona, kar ki yi. Zan jira. Wata kakar ma zan jira."

"Na sani. Shi ya sa." Ba ta dube shi ba. "Babanka ya faɗi a makewayi watan jiya, kana nan kana zance da ni. Ka zaci ban ji ba? Gidanku na buƙatar hannun mace, Sufyan. Na riƙe ka shekara uku, kullum muna mutuwa kafin la'asar, ni da kai."

"Ni ban gaji ba!"

"Ka rame."

"Ki bar layin kawai. Ko ba aure, in ji muryarki..."

"In na ji taka ba zan iya ɗaga Inna ba." Ta mai da na Nijeriya, ta rufe. Na Dahome ta miƙo mini. "Kaka, jefa shi rijiya."

Ta sa babbar wayar cikin kwalinta, ta gyara ledar yadda ta zo, ta ajiye gabansa da hannu biyu.

"Waya ce mai kyau. Wadda za ka ba ta za ta ji daɗinta. Ka yafe mini."

Ya daɗe tsugune. Sannan ya ce, "Inna, na bar ku lafiya. Allah Ya ba da sauƙi." Ni kuma ya dube ni, ya so ya yi wasan da muka saba, "Uwargida..." sai bakin ya ƙi. Ya tura babur ɗin har bayan gari bai tayar ba.

Wata biyar ke nan.

Badamasi bai yi ƙarya ba. Yanzu ƙaramar na wuni ta kwana ta sake wuni. Ina leƙawa in Zuhura ta shiga wanka: la'asar, tamanin da huɗu. Nasrullahi na kira ranar Juma'a. Matar asibiti sau ɗaya a wata. Sauran kwanakin tana nan soke a ɗankwali, cike, shiru. Wani lokaci in la'asar ta yi sai in ga hannun Zuhura ya tafi kai da kansa, ya taɓa ta, ya dawo.

Layin kuwa ban jefa rijiya ba. Yana ƙulle a bakin zanena, wurin da nake ɗaure goro. Ban san ranar me nake ajiye shi ba. In na bi lissafin, ranar da zai yi amfani ita ce ranar da zan rasa ɗiyata, sai in yi maza in yi istigfari in ƙara ƙulle shi.

Kasuwar da ta wuce, matan Segbana masu kawo gari suka ja ni gefe. "Sailuba, kin ji labarin telan nan? An ce an kai..."

"Ban tambaye ku ba," na ce, na wuce. Suka bi ni da kallo kamar sun ga akuya ta ƙi dusa.

Badamasi ya hango ni daga rumfarsa. "Kaka! Ya wayar jikarki? Ta daina mutuwa?"

"Ta daina."

"Ba na faɗa miki ba! Kwana nawa take yi yanzu?"

"Biyu. Wani sa'in har uku."

"To alhamdulillahi, an huta!"

Na taɓa ƙullin bakin zanena. Na yi gaba.

Da na iso gida Zuhura na ba uwarta koko. Ta ɗago ta ce, "Kaka, yau ba labari daga kasuwa?"

"Babu," na ce. "Tattasai ne kawai ya yi tsada."