Jinin Manzo a Jikin Basiratu

"Inna, don Allah ki aje akwatin nan!"

Basiratu ce ta faɗa, tana tsaye a bakin ɗaki, hannu ɗaya dafe da bango, don har yanzu ƙafafunta ba su gama dawo da ƙarfinsu ba.

Tanne, mahaifiyar Manzo wanda zai aure ta, ba ta ko waiwayo ba. Ta ɗora wa Indo, ɗiyar wanta, akwatin lefen da ita da kanta ta kawo gidan nan wata biyu da suka wuce, da guɗa da goro.

"Ɗiyata, ba ƙinki nike ba," in ji Tanne. "Amma jinin ɗana na yawo cikin jikinki. Ke da Manzo kun zama wa da ƙanwa. Ina aka taɓa ɗaura wa mutum aure da ƙanwatai?"

Indo ta gyara gammo, ta ɗan taɓe baki.

"Ko nono guda aka sha aure ya haramta, balle jini leda guda cur..."

"Ke Indo, yaushe kika zama malama?"

"Ni dai gaskiya na faɗa wa gwaggona."

Suka fita. Basiratu ta bi akwatin da kallo har ya ɓace a zaure. Ba ta yi kuka ba. Kukanta ya ƙare tun shekara biyu baya, ranar da yayarta Hauwa ta rasu wurin haihuwa. Jini ya ɓalle mata, aka nemi mai bayarwa, maza tara na dangi suka tsaya a inuwar itacen bedi kowa na kallon ƙasa, wai wanda ya ba da jini ba ya sake riƙe hauya. Kafin la'asar aka rufe ta da zane.

Bana da damina sai ga masassarar sauro ta kada Basiratu. Kwana shida tana kwance, tafin hannunta ya yi fari fat kamar an wanke ƙwarya. Aka kai ta asibitin Filinge a amalanke. Da likita ya ce sai an ƙara mata jini, Manzo ne ya naɗe hannun riga. Aka gwada, nasa ya dace.

Abin da ya raya ta ke nan, kuma shi ne yau aka ce ya raba su.

Washegari da hantsi Manzo ya same ta bayan gida tana tsinkar yakuwa. Idanunsa sun yi ja.

"Basi..."

"Kada ka ce mini in yi haƙuri."

"Na je wurin liman. Ya ce nono ke haramta aure, ƙarin jini ba ya haramtawa. Na gaya wa Inna, ta ce Malam littafi ya karanta, ita kuwa da idonta ta ga jinin yana shiga. Wai tsoron jikokinta take, kada su zo a nakashe."

"Indo ta iya shuka gulma."

"Wallahi Basi, ko za a mai da ni ranar, sai na sake miƙa hannun."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ba ka ji tsoro ba ranar, abin ƙaunata?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Na ji mana! Na tsaya bakin ƙofa na kasa shiga. Baba ne ya matso kusa da kunnena ya ce, shiga, allura ce kamar cizon tururuwa, za su ba ka ruwan sukari, kwana biyu ka ci tuwo ka manta."

Basiratu ta tsaya da tsinkar yakuwar.

"Baba Ɗangoma ya ce haka? Har da ruwan sukari?"

"Har da shi. Mi ya faru?"

"Ba komai. Je ka gona, rana na yi."

Ranar kasuwa ta shiga motar Filinge ita kaɗai. Ta wuce rumfunan hatsi da na gishiri, ta nufi asibiti, ta nemi Habsatu, ma'aikaciyar ɗakin gwaji da ta ɗaura mata ledar jinin.

"Madam, ni ban yi karatun lakkwal ba. Ki faɗa mini yadda zan gane. Jinin da kuka sa mini, ya mai da ni 'yar gidansu?"

Habsatu ta fara dariya, da ta ga fuskar Basiratu sai ta daina. Ta ɗauko wata 'yar kwalba siririya ta ɗaga ta wajen taga. Jinin ciki ya kwanta ya rabu, sama ruwa ne rawaya kamar man gyaɗa, ƙasa ja wur, tsakaninsu wani ɗan zare fari.

"Kin gani? Jini ba abu guda ba ne. Ruwan saman nan shi ke ɗaukar abinci ya kai ko'ina. Jan nan ƙwayoyi ne ƙanana, su ke kwasar iskar da kika shaƙa su raba wa jiki. Su masassara ta fasa miki, shi ya sa kike haki ko tsintsiya kika ɗauka. Ɗan farin nan kuwa, akwai sojoji masu yaƙar cuta, akwai masu toshe ciwo in kin yanke."

"To na Manzo fa?"

"Jajayen nan ba su wuce wata huɗu a duniya. Suna tsufa su mutu, ɓargon ƙashinki yana ƙera sababbi kullum. Na Manzo 'yan gayya ne, sun zo sun taya ki noma kafin naki su taso. In an jima ko ɗaya ba za a samu ba. Kuma 'ya'yan da za ki haifa, ba daga ledar nan za su gaji komai ba."

"Shi kuma, abin da ya bayar?"

"Jikinsa ya riga ya mai da shi."

Basiratu ta kalli kwalbar. Hawayen da ta hana kanta suka zubo.

"Ashe da sun ba Hauwa... da ba abin da ya rage su."

Habsatu ta dafa kafaɗarta.

A hanyar komawa ta san maganar Madam ba za ta shiga kunnen Tanne ba. Wadda ta ture ta liman, ta mai farar riga za ta ɗauka? Mutum ɗaya ne zai iya, kuma shi ne wanda kunya ba ta yarda ta tsaya gabansa ba.

Ta je duk da haka.

Ɗangoma, mahaifin Manzo, yana gona yana ɗaurin damin gero. Dattijo ne marar yawan magana. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, sannu da aiki. Ka gafarce ni, na taka abin da ba a takawa."

"Faɗi, ɗiyata."

"Wanda bai taɓa shiga ɗakin ɗibar jini ba, ina ya san ana ba da ruwan sukari?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya.

"Baba, ni ban zo tonon asiri ba. Yayata ta tafi don maza sun yi shiru. Yanzu aurena zai bi ta, shi ma don shiru. In ka ce in tashi, zan tashi, ba wanda zai ji daga bakina."

Ya aje zangarniyar da ke hannunsa.

"Tashi ki tafi gida," ya ce. "Bayan la'asar ki zo ki gai da innarku."

Bayan la'asar ta tarar da Tanne a tsakar gida tana bakace, Indo na gefe tana yi mata tsinta, Manzo na zaune kan turmi kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ɗangoma ya shigo ya jingine sandarsa.

"Tanne, in kin gama, ki tattara kayanki."

"Kayana? Zuwa ina, Malam?"

"Gidanku. Ashe shekara goma sha tara ina zaune da ƙanwata ban sani ba."

Faifan ya tsaya a hannunta.

"Kin tuna haihuwar autarmu, da aka wuce da ke Yamai? Na ce miki jinin asibiti ne aka sa miki. Ba na asibiti ba ne. Daga hannun nan aka ɗebe shi." Ya miƙa hannunsa na hagu. "Na ɓoye don kada abokai su ce na zama ragon maza. Ga ni, bana dami ɗari da ashirin na ɗaure."

Tanne ta aje faifan. Ta dubi hannun, ta dubi mijin.

"Kai ne... Malam, kai ne?"

"Ni ne, ƙanwata."

"Kai, bar kirana haka, don Allah!"

Manzo ya fashe da dariya har ya zame daga kan turmi. Tanne ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Da ta buɗe, Indo ta fara nema.

"Ke, kan da ya ɗauko akwatin nan, shi zai mai da shi. Yanzu!"

Indo ta tashi ta tafi neman gammo.

Tanne ta juyo ga Basiratu, muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗiyata, ranar Hauwa ina wurin. Ni na ce wa Manzo kada ya kuskura ya shiga. Ki yafe mini."

Basiratu ta matso kusa da ita. Sannan ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar.

"Na yafe, Inna. Amma duk ranar da aka nemi jini a garin nan, ke za ki fara kiran maza."

"Ni da muciyata," in ji Tanne.

Bayan an gama cika rumbuna aka ɗaura aure. Da safen farko a ɗakinta, Basiratu ta zauna tana lissafi da yatsu, Manzo na kallonta.

"Mi kike ƙirga, amaryata?"

"Wata huɗu sun cika jiya. Madam ta ce 'yan gayyarka duk sun tafi, ko ɗaya bai rage a jikina ba."

"Kin ji haushi?"

Ta kama hannun nan da aka huda, ta ɗora yatsa daidai inda allurar ta shiga.

"Da na ji," ta ce. "Amma ga mai gayyar ya zo da kansa."